Ranar da Muka Sa Yaya Ta Tsallake Jikata

Yaya matar wan mijina ce. Na same ta a gidan da 'ya'yanta lokacin da aka kawo ni. Gidan gado ne a cikin tsohon garin Keffi, sashenta na gabas, nawa na yamma, rijiya ɗaya, madafi ɗaya. Tun ranar da na shigo take kirana Amarya, har na aurar da 'ya ba ta canza ba, kuma ba don ƙauna take faɗa ba. Ba mu taɓa shiri ba. Ita tana da baki, ni ina da riƙo. Idan ta ce miyata ta yi ruwa, sai in yi kwanaki ban gaishe ta ba. Haka muka zauna, mu ci a kwano ɗaya ranar salla, sauran ranaku mu yi ta hararar juna.

Waina take yi. Kafin rana ta fito yaran unguwa sun cika zauren da kwanuka, har da ɗaliban jami'a masu haya a bayan layinmu. Ban taɓa yaba mata ba, amma babu mai wainarta a wajenmu.

Bayan al'ada ta ɗauke mata sai barci ya ƙaurace mata. A lokacin ban haɗa biyun ba, ita ma ba ta haɗa ba. Cewa take yi wani zafi ke taso mata daga ƙirji zuwa tsakiyar kai, ta jiƙe sharkaf da gumi ko da ana tsuga ruwan sama. Sai ta fito ta ja guga ta watsa wa jikinta, ta zauna a kan turmi tana fifita da faifai har a kira salla. Mijinta Alhaji ya sayo mata fanka mai caji. An karɓo mata rubutu ta sha. Babu abin da ya canza. Da rana goro take ta ci don kada ta kife a gaban tanda, duk da haka takan yi gyangyaɗi har waina ta ƙone. Ta rame, idonta ya yi ja, ta zama abu kaɗan ke tunzura ta. Takan ajiye ludayi ta manta inda ta sa, ta hau yara da faɗa.

Wata safiya na same ta a bakin rijiya na ce, "Yaya, jiya ma na ji ana jan guga."

"Kunnenki lafiya lau ke nan. Ni ce."

"Wanka a wannan lokacin? Ko tsoro ba kya ji?"

"Tsoron me? Minsharinki ya kori duk aljanun gidan nan."

Yau da na wuce shekarun da take da su a lokacin, na san wannan zafin a jikina. Na san yadda mace ke kwanciya ido biyu tana jin numfashin kowa a gida, tana jin haushinsu ba tare da sun yi mata komai ba. Amma a wancan lokacin da sauran ƙarfina, galibi da na sa kai a matashi sai asuba. Ganina a lokacin shi ne duk wanda bai yi barci ba akwai abin da yake yi. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Maƙwabta suna jin ƙarar gugar ta katanga, suna ganin jan idon da safe. Ba wanda ya furta komai, amma an fara tambayata, "Faccalarki lafiya kuwa?" Ni kuma in taɓe baki in ce sai dai a tambaye ta.

Ana nan sai babbar 'yata da ke aure a Jigwada ta kawo min 'yarta yaye. Yarinyar ta yi rigima sosai, musamman da dare. Ni kuwa barcina nauyi gare shi. Sau da yawa in na farka ba na ganinta a gefena, sai in same ta a ɗakin Yaya shimfiɗe a kan tabarma, an rufe ta da zane. Yaya ce ke jin kukan, ta shigo ta ɗauke ta, ta goya, ta yi ta zagaya tsakar gida da ita har ta yi shiru.

Na ce mata, "Wa ya ce ki shigar min ɗaki?"

"Kukanta ne ya ce. Ke ko ɗakin aka ɗauke da ke a ciki ba za ki sani ba."

Abin ya ƙona min rai, ga shi yarinyar ta koma ba ta yarda da kowa sai ita. Iya take ce mata. Ni da nake kakarta, in na miƙa hannu sai ta kau da kai.

Sai zazzaɓi ya kama yarinyar. Na ba ta maganin da ke gida, ya sauka ya dawo. Ta daina cin komai, tana firgita, kuma cikin zafin ciwo babu abin da take faɗa sai Iya, Iya. A ranar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Panda dubiya. Ta zauna ta saurara, ta tambaye ni wace ce Iya. Na nuna mata sashen gabas. Ta ce, "Wannan mai jan idon? Wadda aka ce ba ta kwana?"

A wurinmu, idan mara lafiya yana kiran mutum cikin magagin ciwo, ana cewa wanda ya kama masa kurwa yake kira, wato maye. Maganin da aka sani shi ne a kwantar da mara lafiyan, a sa wanda ake zargi ya tsallake shi, sai kurwar ta dawo. Duk wadda aka sa ta yi haka a gaban jama'a, sunan maita ya manne mata ke nan, ita da 'ya'yanta mata, don ana cewa ta nono ake sha.

Na san abin da ya sa yarinyar ke kiran Yaya. Bayan da ta saba kwana a kai take nema. Ban gaya wa Gwaggo ba. Ina jin tsoro, gaskiya ne, 'yar mutane tana neman mutuwa a hannuna. Amma akwai kuma haushin shekaru da nake son hucewa.

Surukina ya yi waya ya ce zai zo da mota da yamma a kai ta asibiti. Gwaggo ta ce a gama kafin ya iso, 'yan boko ba sa yarda da irin wannan. Alhaji yana Nasarawa cin kasuwa. Mijina Malam ya ji abin da ake shiryawa, ya ɗauki buta ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Bayan azahar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka kwantar da yarinyar. Matan maƙwabta suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da hijabinta kamar an zo barka. Yaya tana gindin mangwaro, ta jingina da bango, bakinta a buɗe. Wannan ɗan lokacin bayan ta wanke tanda shi kaɗai ne barcin da take samu. Gwaggo ta taɓa ta da ƙafa.

"Tashi. Masu aikin dare su ne da barcin rana."

Yaya ta buɗe ido. Ta dubi tabarmar, ta dubi matan, ta dube ni. Ba sai an yi mata bayani ba.

"Amarya, ke kika tara min mutane?"

Na ce, "Idan babu komai a ranki, mene ne abin wahala a tsallakewa?"

"Ki gaya musu wa ke goyon yarinyar nan kina can kina jan minshari."

"Ni ban aike ki ba."

Wata maƙwabciya ta ce, "To kun ji da bakinta. Cikin dare take ɗaukarta."

"Ke rufe min baki," in ji Yaya. "'Ya'yanki da wainata suka girma, wanne na cinye?"

Gwaggo ta ce, "Ba surutu muka zo ji ba. Ki sakar mana jika, ki je ki ci naki."

Yarinyar ta ji muryar Yaya, ta ɗaga hannuwa tana kiran Iya. Yaya ta sunkuya za ta ɗauke ta, Gwaggo ta buge mata hannu. Na ga gumi ya keto wa Yaya a goshi ya gangaro wuya, irin wanda take faɗa. Wata ta ce a dubi yadda take zufa, asiri ya tonu.

Yaya ta ce, "In na ƙi, ta mutu, kun ce ni ce. To ku matsa."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta yi bismilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta tsallake yarinyar, ta juyo ta sake tsallakewa.

"Ya ishe ku, ko in ƙara?" Ta nuna yarinyar. "To ku kai ta asibiti, jikinta ya fi tandata zafi. Ke kuma Amarya, Allah yana nan."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Da yamma surukina ya zo aka tafi da yarinyar. Zazzaɓin sauro ne ya yi mata yawa. Aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana neman abinci. Ni na yi jinyarta, a kan idona aka yi komai. Amma kafin mu dawo gida labari ya gama unguwa cewa mayya ta tsallake, yarinya ta warke. Mata suna shigowa yi min barka suna cewa Allah ya sa Gwaggo ta zo a kan lokaci. Nakan ce amin.

Zauren ya bushe. Iyaye suka hana yara zuwa sayen waina, sai ɗalibai baƙi da ba su san komai ba, su ma daga baya masu gidajen hayarsu suka ja musu kunne. In Yaya ta fito za ta unguwa, sai mata su janye 'ya'yansu cikin gida. Mutanen da suka kawo gaisuwar neman autarta ba su sake dawowa ba. Da Alhaji ya dawo ya ji, ya tsaya a tsakar gida ya kira ƙaninsa matsoraci a gaban yara. Ya sa magina suka ja katangar bulo ta raba gidan biyu, rijiyar ta faɗa ɓangarensu, muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Har Malam ya rasu shi da wansa gaisuwar masallaci kawai suke yi.

Babbar 'yar Yaya, ma'aikaciya ce a Abuja, ta zo ta tattara uwarta da autar ta tafi da su. Ta kai ta wurin likitan mata. Daga bakin 'yata na ji cewa an gaya musu ɗaukewar al'ada ce ta kawo zafin da rashin barcin, mata da yawa suna yi, aka ba ta magani aka ce ta rage goro. Da na ji sai na ce likita ai ba ya ganin maita. Haka na faɗa, ina tuna inda nake zaune.

Na daɗe kafin in je wurinta Abuja. Bayan na fita takabar Malam na sa ɗana ya kai ni. Na same ta a falo, ta tsufa, carbi a hannu, fanka tana kaɗa mata. Ba ta ce in zauna ba.

"Amarya, wa ya mutu kuma?"

"Ba kowa. Gafara na zo nema, Yaya."

"A ɗaki? A tsakar gida kika tara min mutane. Ki koma can ki faɗa musu."

Na ce, "Kina samun barci yanzu?"

"Ba ruwanki da barcina."

Ko ruwa ba a ba ni ba na fito.

Na jira har aka yi suna a layinmu, mata suka cika gida. Bayan an raba abinci na miƙe na ce ina da magana. Na gaya musu Yaya ba mayya ba ce, ciwon rashin barci ne da ita, ita ke rainon jikata ina kwance, kuma allurar asibiti ce ta warkar da yarinyar, ni shaida ce. Na ce na sani tun a ranar, na yi shiru.

Sai maƙwabciyar nan da ta fi kowa zaƙewa a ranar ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, daga can ma ta kama wannan." Wasu suka yi dariya. Wata amarya da ba ta daɗe da zuwa unguwar ba ta tambayi wa ake magana a kai, aka ce mata wata mayya ce mai waina da ta taɓa zama a nan. Aka ci gaba da cin shinkafa.

Da na koma gida na sa ɗana ya kira min lambar 'yarta, na ce a ba Yaya. Na ce mata na faɗa, a gaban kowa.

Ta ce, "Sun yarda?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To." Ta kashe wayar.