Abin Da Inna Ta Kasa Faɗa A Gaban Ɗan Farinta

Shekara takwas ke nan da rasuwar mahaifiyata, a irin wannan lokaci na yankan gero. A sauran shekarun, idan watan ya zagayo, nakan sa a dafa abinci a raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in koma harkata. Bana abin ya ƙi. Mako biyu ke nan ina shiga aji in koyar da rabin darasi, in fito in tsaya a baranda ina duba waya. Dalili kuwa ƙanwata ce Hajara, wadda ke aure a Sabon Birni. An yi mata hoton ciki an ga tsakuwa babba a maɗaciyarta, likita ya ce a cire maɗaciyar tun tana da ƙarfinta, ita kuma ta ce sam. Hujjarta ɗaya ce: wuƙar likita ce ta kashe Inna, don haka ba za ta kai kanta ba. Na san ba haka ba ne, amma duk shekarun nan ban taɓa gyara mata maganar ba.

Inna 'yar makiyaya ce da aure ya kawo Turba, gidan manoma. Ni ne ɗan farinta, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kakata ce ta goye ni. Idan na shigo gida, Inna sai ta sami wani aiki a bayan rumbu. In magana ta kama dole, sai ta dubi bango ko wata ƙanwata ta ce, "A ce ma wancan tuwonai na nan." Matar da za ta tsaya tsakiyar kasuwar Isa ta wanke mai awon da ya tauye mata mudu har jama'a su taru, in ta gan ni sai ta koma kamar amaryar jiya. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. In na tona tuwona, curin man shanu mafi girma a ƙarƙashin nawa yake, kuma Hajara ta sha yin ƙorafi a kan haka.

Man shanun nan shi ne abokin faɗanta. Shekaru da dama, in ta ci abu mai maiƙo, ciwo kan soke ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya haura har kafaɗa. Mu duka muka yanke hukunci cewa gyambon ciki ne, ba tare da wani ya duba ba. Ni mai albashi ina sayo mata farin maganin sha daga kemis, ƙawayenta suna kawo jiƙe-jiƙe, ita kuma in ciwon ya lafa ta koma wa man shanunta. Sai daga baya aka bayyana mini abin da ke faruwa a cikinta duk tsawon lokacin. Dutse ne ke girma a cikin maɗaciya, yana gugar bangonta, har ya huda ta ya faɗa cikin hanjin da ke manne da ita. Daga nan ya yi ta gangarawa sai da ya kai inda hanji ya tsuke, ya tsaya cak, kamar ƙwallon goriba a bakin tulu.

Ranar Litinin amai ya fara. A lokacin mahaifinmu ya riga ya rasu, ni ne babba, ina koyarwa a Isa. Ran Laraba na ɗauko ta na kai ta wani ƙaramin asibiti. Likitan da muka samu matashi ne daga kudu, mai kirki, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ce mu ɗan jira ma'aikaciyar jinya da ke yi masa tafinta, tana wajen karɓar haihuwa. Ni kuwa malamin makaranta, ga Turanci a baki, ga gaggawa, na ce ai ba sai an jira kowa ba, ga ni. Na ja kujera na zauna kusa da gadon. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba tun da na yi wayo.

Ya tambayi aman, na fassara. Ya tambayi inda ke ciwo, ta nuna da hannu. Sannan ya ce in tambaye ta yaushe rabonta da bayan gida, kuma ko tana fitar da iska. Tun a bakina tambayar ta fara lalacewa. Na dubi ƙasa na ce, "Inna, wai likita na tambaya ko kina zagayawa lahiya."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango. "A ce mai lahiya lau."

Na faɗa masa lafiya lau. Ya sake tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Ya danna cikin, ya ji bai yi tauri sosai ba, domin irin wannan dutse yakan motsa ya ba da ɗan sarari na wuni guda, mutum ya ji kamar ya warke. Ya yi mata ƙarin ruwa, ya ba da magani, ya ce in an ga wani canji a dawo da ita ba tare da ɓata lokaci ba. Ba na ɗora masa laifin komai, da abin da aka ba shi ya yi aiki. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, na ga yadda ta ja mayafin, kuma zuciyata ta gaya mini amsar ba gaskiya ba ce. Daɗi na ji da ba sai na maimaita tambayar ba.

Ran Asabar ciki ya kumbura ya yi tsiri, aman ya canja launi da wari, idanunta sun faɗa. Hajara ta iso daga Sabon Birni. Likitan nan yana ganin Inna ya ce Sakkwato, yanzu. A babban asibitin da muka je, wata ma'aikaciyar jinya mai yawan shekaru ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi ko ni wane ne. Da na ce ɗanta ne na fari, ƙofa ta nuna mini. Cikin minti biyu ta samo abin da ni da Turancina muka kasa: kwana shida babu bayan gida, babu iska.

Aka zura mata roba ta hanci tana janyo ruwan da ya taru, aka sa mata ta fitsari, aka rataya ledar ruwa ɗaya bayan ɗaya. Likitan tiyatar, dattijo mai furfura a gemu, ya zana mini hoton abin a bayan kati. Ya ce ba zai taɓa ta ba sai jikinta ya sha ruwa, don ta bushe ƙwarai. Bayan haka zai buɗe cikin, ya bi hanji da hannu har ya sami dutsen, ya tura shi baya zuwa inda naman ke da lafiya, ya tsaga, ya fitar, ya ɗinke. Zai kuma shafa sauran hanjin kaf ko akwai na biyu. Maɗaciyar da ramin da dutsen ya huda ba zai taɓa su ba a ranar, domin tsohuwa a wannan hali ba za ta jure dogon aiki ba. Na sa hannu a takarda.

Da hantsin Lahadi aka shiga da ita, kafin azahar ya fito da ɗan kwanon ƙarfe. Dutsen ya kai ƙwan zabo, baƙi-baƙi, sumul. Ya ce aikin ya yi kyau, sai dai ya tarar da kusan taƙi guda na hanjin ya riga ya mutu, dole ya yanke ya haɗa. Abin da ke damunsa yanzu ƙoda ne da ƙwayar cutar da ta shiga jini. Sai ya tambaye ni me ya sa muka daɗe haka. Na ce hanya. Ya gyaɗa kai, don duk wanda ya fito daga gabashin nan in ya ce hanya, ba a sake tambayarsa.

Ta farfaɗo. Kwana biyu har tana yi wa Hajara faɗa a kan yadda ta ɗaura mata kallabi. Kullum da safe in ma'aikatan jinya sun zo tambayar ko ta fitar da iska, ni da kaina nake tashi in fita, darasin da na koya bayan an tashi daga makaranta. A rana ta uku zazzaɓi ya rufe ta, fitsari ya ɗauke. Ran Alhamis bayan la'asar Allah Ya karɓi abarsa. Da na je yi wa likitan tiyatar godiya, na matsa masa ya gaya mini gaskiya. Ya ce rai na Allah ne, amma da a ranar Laraba ta zo masa, ya fi zaton tsagawa kawai zai yi ya ɗinke, ta tashi ta koma gida.

Na yarda da ajali, ba na jayayya da shi. Amma yarda da ajali ba ta goge mini abin da na fassara ba. Da aka yi zaman makoki mata suka riƙa cewa ai tiyata ba ta tsofaffi ba ce, an buɗe ta iska ta shiga. Hajara ta riƙe wannan. Ni kuma na yi shiru, don zancen ya yi mini rumfa.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau. Garken danginta da take alfahari da shi ya watse, wasu sun tsallaka iyaka, wasu suna zaune a gari ba saniya ko ɗaya. Gonakin nesa an bar su, sai na bakin gari ake nomawa, su ma ido na kan daji. A gefe guda kuma, yanzu mace na iya kwantawa a shafa mata na'ura a ciki a ga tsakuwar tun ba ta yi ɓarna ba, kuma 'yan matan garuruwanmu da dama sun zama ma'aikatan jinya. Jikokinta mata suna turo wa iyayensu maza saƙon murya suna lissafa ciwonsu dalla-dalla. Ina jin da ta riƙe baki. In kuwa ta ji cewa wancan ya ɗauki maganar bayan gidanta ya kai jarida, wata guda ba za ta fito tsakar gida ba. Allah Ya sa ta yafe mini wannan ma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ƙaryar da na yi wa likita yanzu ta zama gaskiya. Hanya ta zama hanya. Ba a fita sai rana ta ɗaga, sai an tambayi waɗanda suka shigo daga Gatawa me suka gani, wata rana ma direbobi su ce yau ba mai motsawa. Likitan Hajara ya gaya mata ba kowace tsakuwa ke yin irin abin da ta Inna ta yi ba, wannan ba kasafai yake faruwa ba. Amma tata babba ce, sau biyu maɗaciyar tana kumbura, kuma tana zaune a inda ba a fita ranar da aka ga dama. Aikin da za a yi mata yanzu a tsanake, da ranarsa da shirinsa, ba ɗaya yake da wanda ake yi wa mutumin da aka kawo ranga-ranga ba.

Juma'ar da ta wuce na shiga mota na je Sabon Birni. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na zauna na ba ta labarin ranar Laraba daga farko har ƙarshe, da jiran da na ƙi yi, da mayafin, da abin da na gaya wa likita. Na ce mata wuƙa ba ta kashe Inna ba, kwana ukun da na jawo ne. Ina jiran kuka ko zagi. Ba ta daina ɓarar ba.

"Yaya, kai ka aza kai kaɗai ka ɗauke da wagga magana?" in ji ta. "Ran Alhamis ta ari wayar maƙwabta tak kira ni. Tac ce kwana huɗu ba ta zagaya ba, in hwaɗa ma wancan. Na kira ka, munka gaisa, nic ce ya jikin Inna, kac ce da sauƙi. Sai na ji bakina ya yi nauyi. Nac ce to a gaishe ta."

Na tuna kiran. Ina kan babur ne zan tafi makaranta, har na ji haushin ta tsayar da ni don gaisuwa kawai. Kaji suna tsintar ɓawon gyaɗa a gabanmu. Daga baya ta ce ɗora wa wuƙa laifin ya fi mata sauƙin kwana.

Ba zan ce mutanenmu su yar da kunya ba. Ita ce ta yi Inna, ita ce ta sa har yau in na ga curin mai a tuwo sai idona ya cika. Ba ta bar mana shanu ba, ba ta bar gida na siminti ba, wannan halin ta bari, kuma ya kama mu fiye da yadda muke zato. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ka kai mahaifiyarka asibiti, ka tafi da macen da take iya buɗe wa baki, kai kuma ka san lokacin fita. In ciki ya kumbura, ga amai, ga ba bayan gida, kada a kwana ana jiƙa sassaƙe.

Da zan tashi, ɗan farin Hajara ya shigo, Nasiru, magidanci mai 'ya'ya biyu da motar kansa. Tun da aka ga tsakuwar yake cewa shi zai kai ta Sakkwato ya tsaya mata a kan komai. Yana durƙusawa gaisuwa ta juya fuska wajen rumbu, ta yi magana da ni.

"Za ni. Amma a ce ma wancan shi zamna gida. Maƙwabciyata za ta raka ni. Kai ma, Yaya, bakin ƙohwa za ka tsaya."

Mun kama mata wuri a motar Litinin. Tun jiya na kira direban sau huɗu ina tambayar labarin hanya, har ya ce Malam, ka bari Litinin ɗin ta zo.