Kunnen Usta Badamasi

Duk ranar Alhamis, da an idar da sallar azahar, Badamasi yakan hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, a Ainu Shams ya sauka a Ma'adi. Ba ya zama ko da akwai wuri. Yakan tsaya kusa da ƙofa da jakarsa ta wayoyi, yana lura da fasinjoji, don da gaggawarsu yake gane an kusa rufe ƙofar. 'Yar siririyar ƙarar da take yi kafin ta rufe, ya kai shekara biyu rabonsa da jin ta.

Mutumin Haɗeja ne. Karatun addini ya kawo shi Alƙahira yana saurayi, karatun bai kai ƙarshe ba, shi kuma bai koma gida ba. Ya fara aiki a wani shago da ke kwafar kaset na ƙira'a da wa'azi, a nan ya koyi yadda ake tsaftace murya. Da kaset ya mutu sai ya koma ɗaukar lasifika a gidajen biki. Daga nan wani Bamisre mai suna Hatim ya ɗauke shi, lokacin da ya buɗe ɗan gidan rediyonsa na intanet a ƙarƙashin wani bene a Ma'adi. Shekara goma sha huɗu ke nan.

Shirin Alhamis shi ne ran gidan. Makaɗan rok, kiɗan nan na Turawa, da na wani reshensa mai zafi da suke kira pank, sukan zo da jitocinsu da gangunansu su yi waƙa huɗu kai tsaye, tsakanin la'asar da magariba, don kada kiran sallar masallacin unguwa ya shiga ɗauka. Doka ɗaya ce a wurin: ba a maimaitawa, ba a gyarawa. Abin da ya fita ya fita, haka kuma ake ajiye shi. Saboda haka komai yana wuyan wanda ke zaune a gaban teburin haɗa sauti, bayan gilashi.

Badamasi bai taɓa son kiɗan ba. Idan 'yan'uwa ɗalibai sun tambaye shi a masallaci aikin me yake yi, yakan ce gidan rediyo, ya tsaya a nan. Amma ya san kiɗan ciki da bai. Ya san inda ake kafa makirufo a gaban babbar ganga, ya san mai jitar da zai ƙara wa kansa ƙara a waƙa ta biyu tun daga yadda ya yi sallama. A duk faɗin birnin, a wannan ɗakin ne kawai ake kiransa Usta, sunan da Misrawa ke ba gwanin sana'a. A waje kuwa baƙo ne ɗan shekara hamsin da takwas, ba shi da takardar shaidar komai.

Likitan kunnen da ya gani bara ya zana masa layi a takarda. Layin ya taho a miƙe, sannan ya gangara. Ya ce muryoyi masu kauri suna nan, sirara ne suka tafi, kuma ba sa dawowa. Badamasi ya ninke takardar ya sa a aljihun jakar wayoyi. Tun kafin ranar ya koma aiki da ido. Yana kallon fitilun tebur, yana kallon hannun mai ganga, yana juya maɓallai zuwa inda suka saba zama.

Matarsa Fatna, Bahaushiyar Sudan, ba ta buƙaci takarda ba.

"Abu Husseina," ta kira shi da sunan 'yarsu, "butar shayi tana ta kuka tun ɗazu, kana zaune kusa da ita kamar an dasa ka."

"Tunani nake yi."

"Wannan tunanin naka, likita ya ba shi suna?"

Ta sauke butar, ta zuba masa, ta zauna a gefen da ta lura ya fi juyowa.

"Ka faɗa wa Hatim," ta ce.

"In na faɗa masa, wa zai bar kurma a kan tebur?"

"Ni ban ce kurma ba."

"Shi zai ce."

A wata Alhamis ta watan Oktoba aka kawo wasu makaɗa uku. Sunansu, in aka mayar da shi Hausa, yana nufin Lif Ya Lalace, wato na'urar hawa bene. Mai waƙar, Alaa, da rana magani take sayarwa a kantin magani, ita ce kuma mai jitar da ke da kaurin murya. Isam, mai ganga, ƙato ne mai yawan surutu. Na ukunsu siriri ne, ya dai rungumi jitarsa.

"Ammu Badamasi," in ji Isam, yana kiransa kawu da harshensu, "an ce kai ne ka ɗauki su wane da wane tun muna firamare. Ka tausaya mana, ba mu iya kiɗa ba."

"Na gani tun daga yadda ka riƙe sanda. Matsa da gangar baya kaɗan."

"Wallahi ka fi babana zafi."

"Babanka bai ji ka da abin kunne ba. Yalla, mu fara, lokaci na tafiya."

Jar fitilar fara shiri ta kama. Hatim ya gabatar da su, ya zauna kusa da Badamasi kamar kullum. Waƙa ta ɗaya da ta biyu suka wuce lafiya, fitilun tebur suna rawa inda ya kamata. A farkon ta uku siririn nan ya matsa, ƙafarsa ta bugi lasifikarsa, ta ɗan juya ta fuskanci makirufon Alaa. Badamasi ya ga Alaa ta yamutsa fuska ta rufe ido ɗaya. Masu irin wannan waƙa duk haka suke yi, sai bai kawo komai a ransa ba. Ya ga Hatim ya ɗaga abin kunnensa gefe guda, ya dube shi. Badamasi ya gyaɗa masa kai, irin gyaɗawar da ya saba. Hatim ya mayar da abin kunnen ya jingina da kujera.

Da aka kashe fitila sai ɗakin ya kaure. Isam ya shigo yana zufa ya rungume shi.

"Usta! Wannan fiton, yaya aka yi ka yi shi? Kamar ana yanka ƙarfe a cikin kaina!"

"Da farko na so in tsaya," in ji Alaa. "Sai na dubi gilashi na ga ko motsi ba ka yi ba. Na ce khalas, shi ke nan, tunda Usta ya bar shi, bari in bi shi. Ban taɓa yin waƙar nan haka ba."

Hatim yana ta duba wayarsa yana dariya. "Saƙonni sun fi ɗari. Kowa fiton yake tambaya. Ni ma na kusa taɓa ka, sai na ce wa kaina, Hatim, shiga taitayinka, mutumin nan ya san abin da yake yi."

Badamasi ya buɗe abin da aka ɗauka a kwamfuta, ya kira hoton sautin. Can sama, inda bai daɗe da daina dubawa ba saboda ya gaji, ga wani siririn layi mai haske ya miƙe tun daga waƙa ta uku har ƙarshen ta huɗu. Fiton da lasifikar nan ta haifar da ta fuskanci makirufo ne, minti bakwai. A da, daƙiƙa ɗaya ba zai yi ba ya kashe shi. Ya sa abin kunne ya kunna wurin. Ya ji ganga, ya ji Alaa. Layin yana nan a gabansa, shiru.

Suna tsaye a bayansa suna shawara. Za su fitar da ɗaukar yadda take, su sa sunansa a jiki. Akwai sauran waƙoƙi takwas, suna so shi ya ɗauke su, da irin wannan fiton, amma a wuraren da ya ga ya dace. Hatim ya ce ɗakin nasu ne duk ranar Litinin.

Ba wanda ya tambaye shi komai. Da ya ce tamam, ya amince, da an wuce wurin, wataƙila har wata shekara. Ya cire abin kunnen ya ajiye a kan tebur. Ya ji wata gajiya ta sauko masa tun daga wuya, wadda ba ta ranar ba ce kaɗai.

"Ustaz Hatim," ya ce, "ban bar shi ba. Ban ji shi ba."

Isam ya fara dariya, ya duba fuskoki, ya daina.

Badamasi ya zaro takardar likita daga jaka ya miƙa. Hatim ya warware ta, ya daɗe yana kallon layin da ya gangara.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu. Takardar ta bara ce."

"To duk waɗanda muka ɗauka a shekara biyun nan fa?"

"Da ido na ɗauke su."

"Amma sun yi kyau," in ji Alaa a hankali.

"Allah ne ya rufa asiri, 'yata. Yau fito ne, kuma kun so shi. Gobe wani abu ne, a kan waƙar wasu da suka yi shekara suna jiran Alhamis ɗinsu."

Hatim ya ninke takardar yadda ya same ta. Bai yi faɗa ba. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, har sau biyu, ba a san ko wa yake wa ba. Daga baya ya ce zai nemo wanda zai zauna a tebur, amma kafa makirufo ba wanda ya kai Usta, in yana so ya riƙa zuwa yana yi. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Ana cikin haka aka kira magariba, Badamasi ya naɗe wayoyinsa ya fita.

A gida ya gaya wa Fatna a tsaye, ko takalmi bai cire ba. Ta ce, "To." Ta kawo masa abinci, ta ƙara masa nama.

Alhamis ta gaba ya hau metro kamar kullum. Ya tarar da wata mata mai furfura a kan kujerarsa, wadda ta yi shekaru a gidan talabijin. Ta miƙe ta gaishe shi da girmamawa. Ya shiga ya kafa makirufo bakwai, ya ja lasifikar mai jita ya juya ta ga bango, ya sa ƙafa ya tokare ta ya tabbatar ba za ta motsa ba. Matar ta ɗaga masa babban yatsa ta gilashi.

Da jar fitila ta kama sai ya rasa inda zai tsaya. Ɗakin tebur kujera biyu ne. Ya hau matakala ya fito ƙofar bene, inda mai gadin gidan ke zaune a kan benci. Mai gadin ya matsa masa. Suka zauna suna kallon titi, ana ta wucewa da yara daga makaranta. Can sai ganga ta fara a ƙasa, tana tasowa ta cikin siminti har cikin katakon bencin.

"Sun fara," in ji mai gadin. "Kullum sai sun sa mini ciwon kai."

"Mai gangar yana sauri," in ji Badamasi. "Zai gaji kafin ta uku."