Reshen da Yaya Hindu Ta Bar Mini

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, ina cikin ɗaure dilolin kaya a kasuwar Shisanhang da ke Guangzhou, Alhaji Lukman ya bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran matarsa, Hajiya Hindu. Na zauna a kan dila ina ta salati. Mai kowa ne Ya karɓi abinSa, mu ma muna hanya.

Yaya Hindu, shekara tara kina ciyar da baƙin Kano a Guangzhou. Ranar da na iso ban san kowa ba, ke kika ba ni shimfiɗa da tuwo miyar kuka. Amma abin da ke sa ni kuka haɗe da dariya shi ne 'yar bishiyar nan taki ta tsakar gida, dangin itatuwan bakin rafi da Sinawa ke kira liyu. Kin ce ana gane ta da jan reshe mai lanƙwasa da siraran ganye, kuma ba abin da take tsoro kamar ƙishirwa.

Shekarar da kika je Kano kika bar mini ban-ruwa, sai na ga sabon ganye yana fitowa fari da ruwan hoda. Na ce wayyo, cuta ce! Na ɗauko almakashi na yi mata aski tas. Da kika dawo kika dafe ƙirji: "Saffana, kwalliyar tata kika yanke! Ai don ita na sayo ta." Tun daga ranar kika raɗa mini Wanzamiya. Da ta sake toho ta fi da kyau, kika ce to, askin ya zama nawa duk shekara.

Yanzu Alhaji zai koma gida, mai gidan hayar kuma ya ce ƙarshen wata zai zuba siminti a wurin. Ni kuwa a hawa na shida nake, ba ni da ƙasa sai baranda. Na yanki rassa uku yadda kika koya mini, na tsoma a kwalbar ruwa. Biyu suka yi baƙi, kuma wallahi hankalina ya tashi matuƙa. Yau da safe na ga farar saiwa a gindin na ukun.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki a inuwar itatuwan Aljanna. Allah Ya bai wa Alhaji Lukman da 'yarku Najiba haƙurin wannan rashi.

Ki huta, Yaya. Wanzamiyarki ta riga ta sayo tukunyar da za ta dasa shi.