Ranar da Yaya Direba ta ƙi tashi dafa shayi

Ni ne akawun wani kamfani da ke rarraba kayan gini, kuma tun kafin furfura ta fito min nake rubuta abin da aka tattauna a taronmu na ranar Litinin. Don haka abin da zan faɗa a kan Yaya Direba a gabana aka yi shi.

Ita kaɗai ce mace a cikin direbobinmu. Mahaifinta direban babbar mota ne, Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya riƙa ɗora babbar 'yarsa a kujerar da ke kusa da shi. Takan ce ta iya canza giya kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Mijinta tela ne mai sanyin hali. In ta yi tafiya shi ke yi wa yara wanka ya kai su makaranta, in abokansa sun tsokane shi sai ya yi dariya ya ci gaba da taka kekensa.

Akwai wata al'ada a ofishinmu wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, na duba. Da an zauna taro, macen da ke ɗakin ce ke tashi ta dafa shayi. Kicin yana can ƙarshen baranda, butar lantarkin kuwa sai ta ga dama take tafasa. Shi kuma Manaja da rabon motoci yake buɗe taro. Kafin Yaya ta dawo da tire an gama, an koma maganar taya da man juye. Haka ta yi shekaru tana jan wata tsohuwar mota da ake ɗaure ƙofarta da igiya, wadda ba ta tashi sai an tura.

Sai kamfani ya sayo sabuwar babbar mota, fara fat, kujerunta ko leda ba a cire ba. Kowa ya san Yaya na so. Kowa kuma ya san Dogo na so, wani direba da ya zo bayanta da nisa, wanda har ya fara goge madubin motar da hannun rigarsa.

Ranar Litinin Yaya ta shigo, ta ajiye makullan tsohuwar motarta a kan tebur, ta zauna ta harɗe hannuwa. Manaja ya yi gyaran murya. Ya kalli kofuna, ya kalle ta, ya kalli silin. Ni dai na riƙe alƙalami ina jira.

Dogo ne ya kasa haƙuri. "Yaya, maƙogwaro fa ya bushe."

"Nawa ma, ƙanena," in ji ta. "Sukari kaɗan za ka sa min."

Bakaniken kamfaninmu ya sunkuyar da kai yana ta girgiza kafaɗa. Manaja, da yake shayin yake so ba rigima ba, ya ce wa Dogo ya tashi mana, ai ba dutse zai fasa ba. Dogo ya fita yana waiwaye kamar wanda ya bar jakarsa a tasha.

Ƙofa na rufuwa Manaja ya ce to, maganar sabuwar mota, tunda ga Yaya a zaune. Na ɗauka shi ke nan, ta samu.

"A jira shi, ranka ya daɗe," ta ce. "Na san yadda ake ji a kicin ɗin nan."

Muka zauna muna sauraron Dogo yana buɗe durowa yana neman cokali. Da ya dawo, gumi a goshinsa, aka yi maganar a gabansa. Ya faɗi nasa, ta faɗi nata: hanyoyin da ta sani, da yadda ta raya motar da kowa ya guje wa. Bakanike ya ce wanda ya iya lallaɓa waccan tsohuwar ba zai wahalar da sabuwa ba. Manaja ya miƙa mata makulli.

Dogo ya ɓata rai, har sai da ta kurɓi shayinsa ta tambaye shi ko ruwan wankin mota ya dafa. Shi ma ya kurɓa, ya kasa musu.

Yanzu dafa shayi zagayawa yake, kuma ba a raba mota sai mai tire ya zauna. Mako mai zuwa ni ne. Na riga na roƙi matata ta nuna min yawan ganyen da ake sawa.