Ranar da Zara Ta Kusa Yin Karo

Har yau in murfin tukunya ya faɗi yana juyi, yana ƙara sauri kafin ya kwanta, sai gabana ya faɗi. Da irin murfin nan Yayana ya kusa kashe ni ina 'yar shekara tara.

Da bazara ne, a gidanmu na Fagge. Ya dawo hutu daga jami'a, kansa cike da ilimin da ba wanda ya roƙe shi. Ya murza murfi a siminti, ya ce haka matattun taurari biyu ke yi: suna zagaya juna, suna matsowa, gudu na ƙaruwa, har su gwabza. Wai cokali ɗaya na jikinsu ya fi Kantin Kwari nauyi, har da 'yan dako. Wai a wutar karon nan zinariya ke samuwa.

Da magariba na ɗaga kai, sai ga Zara da wani tauraro mai haske dab da ita. Washegari sun ƙara matsowa. Rana ta uku tsakaninsu bai fi yatsa ba. Na daina cin abinci. To, na dai daina neman ƙari. Tashin duniya ya zo, ni kuwa ga kaya a wuyana: wata biyu ina shan zumar Kaka ina cika kwalbar da ruwa, ita kuma tana ta tsine wa mai zumar Sabon Gari.

Kaka ta taɓa ba mu labarin yadda suke kaɗa gwangwani in rana ta kama wata, har sai ta sake shi. Na ɗauko faranti da ludayi, na tsaya tsakar gida ina bugu, ina ihun "Ku rabu!" Ko gezau. Sai na zube gaban Kaka ina kuka, na amayar da komai.

"Ja'ira, ashe ke ce!" in ji ta. "Na ci mutuncin bawan Allah a banza."

Yaya ya yi dariya har da tari. Ya ce waɗannan duniyoyi ne ma, ba taurari ba, kuma kowace hanyarta daban, ido ne kawai ya haɗa su.

Da safe Kaka ta yafa mayafi, ta tasa ni gaba har Sabon Gari, na ba mai zuma haƙuri kasuwa na kallo.

Yanzu ina aji biyar a sakandare, fitilun sola sun cika unguwa, taurarin ma da ƙyar ake ganinsu. Na karanta cewa karon gaske can nesa yake, haskensa sai ya yi miliyoyin shekaru a hanya kafin ya iso mu. Da na san haka, wallahi da na ɗan jira.