Hannun Hagun Maude

Shekara tara ina tuƙa motar gyara ta kamfanin wutar lantarki, kuma ban taɓa ɗaukar mutum mai taurin kai irin Maude ba. A Kado yake zaune, bayan kasuwar kifi, shi ya sa ko ya yi wanka sau uku sai mun tsokane shi da ƙarni. Aikinsa hawa turken wuta. Abokin hawansa Solomon ne, dogo mai surutu kamar rediyo, tare suke cin abinci a kwano ɗaya.

Maude yana da wata sanda mai ƙugiya da igiyar tagulla. Kafin ya taɓa waya sai ya kafa ƙarfe a ƙasa, ya rataya ƙugiyar a jikin wayar, duk wutar da ta rage ta sauka ƙasa. Ma'aikatan cikin gari sukan yi masa dariya, don su da zarar an ce an kashe layi sai su haye. Shi kuwa ya kan ce nasu gajeren layi ne. Dogon layi ko an kashe shi yana riƙe wuta a jikinsa, in kuma ya jera da wani babban layi mai rai sai ya riƙa tsotsa daga maƙwabcinsa. Macijin da aka sare wa kai, in ji shi, ba a sa masa hannu da wuri.

Layinmu kuwa dogo ne na fitar hankali. Daga gari yake tasowa, ya ratsa daji, ya wuce Yangoji, ya ƙare a wani ɗan ƙauye. Kafin wuta ta isa can waya ta shanye ƙarfinta, kamar ruwan lambu a dogon kwalbati. Ƙwan fitila ja kamar garwashi, fanka tana juyi kamar mai jin barci. Maude ya sha yi wa mutanen ƙauyen bayani cewa nisa ne, su kuwa sun kafe a kan cewa mu ne muke karkatar da wutarsu zuwa masana'antun Idu. Na tsani wannan zancen, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Wata ranar Laraba da hantsi muka je duba turke a ƙauyen. Ashe a makon nan raunin wuta ya ƙona injin niƙan wata dattijuwa, Batulu, ya kuma ƙona injin rijiyar burtsatse. Kwana huɗu suna shan ruwan rafi. Ba mu gama tsayawa ba dutse ya tarwatsa gilashin gabana. Mutanen ƙauyen suka fizgo ni ta taga, wani ya zabga mini gora a haƙarƙari. Solomon ya buɗe baki zai yi bayani, ɗan Batulu, wani ƙato mai suna Ikrama, ya rafka masa itace a ka. Jini ya wanke masa fuska ya faɗi, suka rufe shi da duka. Sandar Maude kuwa suka zaro ta daga mota, wai da ita muke toshe musu wuta, suka karya ta gida uku suka jefa a daji.

Sai wani ya gangaro da taya, wani ya zo da galan ɗin fetur. Suka rataya wa Solomon tayar a wuya, suka tuttula masa man. Ikrama ya ɗaga ashana ya ce wa Maude, "Oga, ka hau ka buɗe mana wutarmu yanzu, ko abokinka ya zama suya."

Maude ya san babu abin buɗewa a saman turken nan. Ya buga waya ofis ya ce a kashe layin, aka tabbatar masa an kashe. Ya roƙe su su bar shi ya nemo ko da guntun igiyar tagullar. Ikrama ya ƙyasta ashana. Maude ya ɗaura bel ɗinsa na hawa ya kama turke.

Ina kwance a ƙasa ina kallonsa. Da ya kai sama sai na ga ya maida hannun dama bayansa, ya cusa shi cikin bel. Ya miƙa hagu ya kama wayar. Ƙarar da na ji kamar an karya busasshen itace ce. Jikinsa ya sandare, sannan ya saki, ya rataye a bel yana lilo, hayaƙi yana fita daga hannun rigarsa. Warin ƙonannen nama ya sauko mana.

Jaruman nan duk suka watse, har da mai ashana. Batulu ce kaɗai ta tsaya, ita ta cire wa Solomon tayar tana kuka. Solomon, da jininsa da fetur ɗinsa, shi ya hau ya sauko da Maude a kafaɗa.

A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa. 'Yan sanda sun kama mutum shida, amma har yau ƙwan fitilar ƙauyen ja ne, don babu wanda ya rage wa layin tsawo. Maude yanzu yana zaune a ƙofar gidansa a Kado yana gyaran fanka, yana danne ta da ƙafa. Solomon ba ya tsallake Lahadi bai kawo masa kifi ba, a unguwar kifi, sai su yi ta faɗa a kan hakan.

Wata rana na kasa haƙuri, na tambaye shi ko ya manta da macijin nasa ne da ya kama wayar nan. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Ban manta ba," ya ce. "Tun ina ƙasa na zaɓi wanda zan bayar. Da dama nake cin tuwo."