Cikin da Tasya Ta Ɓoye

Yayata Taisiya, wadda duk ƙauyenmu ke kira Tasya, ta yi shekara ashirin tana tatsar shanu a babbar gonar da ke bakin kogi. Mace ce mai ƙarfi, ga baki. In ta kinkimo garewanin madara biyu, maza kan ba ta hanya, ita kuma ta bi su da tsiya.

Riƙe ciki ne kawai ya gagare ta. Na farko ya zo a wata bakwai, yaron bai kwana ba. Na biyu ko nan bai kai ba. Ungozomar asibitin gunduma ta gaya mata ƙarara cewa in ta sake samu ta zo da wuri, a raba ta da ɗaukar kaya, ta kwanta. Surukarta, tsohuwa Lukerya, ta ce ina, baki ne ya kama ta, don tun ciki bai fito ba ta sanar da duniya.

A wajenmu ba a faɗin ciki, ba a ɗinka wa jariri riga sai ya iso. Da Tasya ta samu na uku tana shekara talatin da tara, sai ta bi ta tsohuwa. Ta zura ƙatuwar rigar sanyin mijinta Yegor, ta ci gaba da ɗaukar garwa, don in ta nemi aiki mai sauƙi an gane ke nan.

Wata Alhamis muna yanka kabejin da za a jiƙa da gishiri, ta ajiye wuƙa.

"Raya, kawo hannunki."

Ta ɗora shi a cikinta. Abu ya harbe ni.

"Yaya, wata nawa?"

"Shida da 'yan kwanaki. Ɗan banza, ya fi saniyar Yegor shuri."

"Gobe mu tafi asibiti."

"Ki yi min shiru, uwar iyayi. Sau biyu na je asibitinku, me na dawo da shi? Rantse ba za ki faɗa ba."

Na rantse. Har yau ina jin haushin kaina.

Ranar Asabar bayanta ya riƙe. Lukerya ta ce sanyi ne ya shige ta, ta hura wutar ɗakin wankan tururi, yadda muke yi wa kowane ciwon baya. Tasya ta zauna cikin zafin nan kusan awa guda tana jiran sauƙi, ashe naƙuda ce. Kafin motar madara ta fitar da mu daga taɓon hanya zuwa asibiti, faya ta fashe.

Mace ce, tafin hannun Yegor ya kusa rufe ta. Tasya ta sa mata suna Ulyana. Kwana biyar ta yi a cikin kwalbar bakwaini kafin ta rasu, uwar tana leƙenta ta gilashi, ko sau ɗaya ba ta ɗauke ta ba.

Tasya ta koma wajen shanunta, amma tsiyar nan ta ƙare. Ba ta taɓa ganin laifin garwa ko tururi ko Lukerya ba. Bara, tana da shekara sittin da ɗaya, ina taje mata kai, ta ce a hankali:

"Raya, kwana biyu kacal tsakani. Da ban gaya miki ba, da yanzu ina da jika."

Na ci gaba da taje kan. Ni kaɗai ta gaya wa, kuma ni kaɗai ce zan iya kai ta asibiti ranar Juma'a.